Idan Tsohuwar Motar Daji Ta Sha Mai: Fashin Baƙi Kan Ambaliyar Kafireto

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar motar daji mai amfani da fetur ya san wannan warin. Ka murɗa makulli, kik yana juyawa lafiya lau, injin ya yi kamar zai kama sai ya fasa, can sai warin ɗanyen fetur ya cika ɗakin direba. In ma ta tashi, da tari za ta tashi, salansa na aman baƙin hayaƙi kamar an cinna wa taya wuta. Direbobi kan ce mota ta sha mai, kanikawa kuma su ce ta yi obafulo. Duk magana ɗaya ce: fetur ya shiga injin fiye da abin da iskar ciki za ta iya ƙonawa, ya jiƙa fulogi, wuta ta kasa kamawa.

Motoci biyu zan riƙa misali da su, domin su ne suka fi yi wa mutanen karkara hidima. Ta farko Toyota Land Cruiser samfurin FJ40, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1960 zuwa 1984, musamman mai injin 2F na lita 4.2 da ya fito a 1975, wanda ke ɗauke da kafireton kamfanin Aisan mai maƙogwaro biyu. Ta biyu Land Rover Series III ta shekarun 1971 zuwa 1985, mai injin lita 2.25 da kafireton Zenith 36IV, irin waɗanda suka shahara wajen dakon kaya da mutane a tsaunin Mambila. Amma mai tsohuwar Hilux ko Patrol ko ƙaramar Suzuki shi ma zai ga motarsa a cikin bayanin, don tsarin ɗaya ne.

Injin fetur yana buƙatar iska kimanin kashi 14.7 a kan kowane kashi 1 na fetur, in aka auna da nauyi. Aikin kafireto shi ne haɗa wannan gauraye ba tare da kwamfuta ko na'urar lantarki ba. Iska tana bi ta wani maƙogwaro da ya tsuke a tsakiya, a wurin tsukewar sai gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, ta zuƙo fetur ta wani ƙaramin bututu. Fetur ɗin kuwa yana zaune ne a wani ɗan kwano da ke jikin kafireton. A cikin kwanon akwai wani abu mara nauyi da ke yawo a saman mai, kanikawa na ce masa fulota, a kansa kuma akwai wata 'yar allura da ke toshe ƙofar shigar mai. Mai ya ragu, fulota ta sauka, allura ta buɗe. Mai ya cika, fulota ta tashi, ta danna allura ta rufe. Wanda ya taɓa ɗaga murfin tankin masai na zamani ya ga irin wannan dabarar.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, bakin bututun da ke kai mai cikin maƙogwaro ya ɗara saman man da ke cikin kwano da ɗan kaɗan ne kawai, 'yan milimita. Da gangan aka yi haka, don kada mai ya fita sai iska ta ja shi. To da zarar man cikin kwano ya haura inda aka ƙayyade masa, ba ya jiran iska, sai ya riƙa tsiyaya da kansa cikin injin. Ambaliyar kafireto ke nan gaba ɗayanta: mai ya wuce layinsa.

Shi ya sa abin ke ci mini rai idan na ga an kawo mota tana obafulo, bakanike bai tambayi komai ba sai ya ɗauki sukudireba ya hau murɗa sukurun da ke daidaita mai a silo, wato lokacin da injin ke aiki ba a taka totur ba. Wannan sukurun ba shi da iko a kan yawan man da ke cikin kwano. An bar jaki ana dukan taiki. Motar za ta ɗan lafa a gareji, mai ita ya biya ya tafi, kafin ya kai gida ta koma gidan jiya, ga kuma silo da aka lalata a banza. Tambayar da ta fi kowane sifana amfani a wannan aikin ita ce: yaushe take shan man? Tana cikin aiki a fili mai shimfiɗa, ko sai an kashe ta da zafi an dawo, ko sai ta hau gangare, ko kuwa da sanyin safiya? Kowace amsa tana nuna wani mai laifi daban.

Kafin a kai ga nan ma, a fara tabbatar da cewa mai ne ya yi yawa. Fulogi kan jiƙe ko da kafireto lafiyarsa ƙalau, muddin babu wuta mai ƙarfi da za ta ƙona man da ke shigowa. Kwantak da ya ƙone, koyil da ya gaji, murfin dilko (mai raba wuta ga fulogai) da ya tsage ko ya sha raɓa, duk za su ba ka warin fetur da jiƙaƙƙen fulogi. A ciro fulogi ɗaya, a jona shi da wayarsa, a ɗora a jikin ƙarfen injin nesa da kafireto, a yi kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙara shi ake nema. In ya fito ja-ja mai rauni, ko bai fito ba, to a bar kafireto ya huta.

Masu Land Cruiser sun yi sa'a a nan. Kafireton Aisan yana da wata 'yar tagar gilashi a jikin kwanon, da alama a tsakiyarta. A goge ƙurar, a ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, a tayar da ita a leƙa. Kamata ya yi man ya tsaya daidai alamar. In ya rufe gilashin gaba ɗaya, an gano bakin zaren ba tare da kwance ko da noti ɗaya ba. Wanda kafiretonsa ba shi da taga sai ya kashe injin, ya cire gidan matacin iska, ya haska tocila cikin maƙogwaron. In mai na ɗiga bayan an kashe mota, kwanon ya cika ya batse. Kada a kuskura a leƙa maƙogwaron yayin da wani ke yin kik, domin injin kan yi atishawar wuta ta nan, fuska kuma ba ta da safaya.

Mu fara da motar da ke shan mai a kowane lokaci, tana tsaye a fili tana silo amma mai na zuba. A mafi yawan lokuta allurar ce ba ta rufewa, kuma a mafi yawan waɗannan lokutan datti ne ya tokare ta. Ƙwayar yashi ɗaya, ko ɓarɓashin tsatsa da bai kai kan ashana ba, ya isa. Daga ina dattin yake zuwa? Tankin motar da ta shekara 40 ko fiye ya sha ruwa ya sha raɓa, cikinsa ya yi tsatsa. Hanyar daji kuma tana girgiza shi ta tayar da abin da ya kwanta a ƙasa. Ga man 'yan bumburutu da ake ɗurawa daga galan da mazurari a bakin hanya, cikin ƙurar hunturu, wanda direban ƙauye ba shi da zaɓi sai ya saya. Akwai kuma dattin da ke fitowa bayan an wuce matacin mai: tsohon tiyo yakan ruɓe daga ciki yana zubar da baƙin gari alhali daga waje yana nan kamar sabo. Na taɓa shan wannan wahalar. Sau uku wani bakanike yana wanke mini kafireto, kowane karo motar ta yi kwana biyu lafiya ta koma, sai da muka tsaga ɗan guntun tiyon da ke tsakanin famfo da kafireto muka ga cikinsa ya zama kamar gawayi. Tiyon da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Ita kanta allurar tana tsufa. Mai kan ƙarfe takan yi zobe a inda take zama, in ka shafa da farce za ka ji kwarmin. Mai kan roba kuma takan taurare ko ta kumbura, musamman in ta haɗu da gurɓataccen mai. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin methanol har aka janye shi daga kasuwa, aka yi ta dogayen layuka a gidajen mai. Irin wannan sinadarin yana cin roba, kuma tsofaffin kafireto ba a ƙera robobinsu don su jure shi ba. Gwajin allura ba shi da wuya. A kwance murfin kafireton, a kifa shi yadda nauyin fulota zai danne allurar, a saka tsaftataccen tiyo a mashigar mai a hura da baki. In iska ta wuce, ba ta rufewa. A sauya allurar tare da mazauninta, su biyun tare, kada a manta da ɗan zoben washa da ke ƙarƙashin mazaunin, don mai kan zagaye ta nan ma. Masu goga allura da samfefa suna ƙara mata rauni ne kawai.

Sai fulota. Ta tagulla fanko ce, in dalmar da aka liƙe ta da ita ta tsage sai mai ya shige, ta yi nauyi ta nutse. A girgiza ta kusa da kunne a ji ko akwai ruwa a ciki, ko a tsoma ta a ruwan zafi, nesa da wuta, a ga ko za ta fitar da kumfa. Baƙar fulota ta roba ba ta da rami a ciki, amma in ta tsufa takan tsotsi mai kamar soso, kuma ido ba ya gane wannan, sai dai a gwada nauyinta da sabuwa. Akwai ɗan harshen ƙarfe a jikin fulota da ake lanƙwasawa don daidaita tsayin mai. Kowane kafireto da awonsa, yana cikin littafin motar ko takardar da ke zuwa da kayan gyara, kuma da ma'auni ake yi. Lanƙwasa shi da ka, don a danne allurar da ta riga ta lalace, gyaran gangar Auzinawa ne: ambaliya ta tsaya a gareji, mota ta riƙa shaƙewa da ƙishin mai a kan hawa.

Akwai wani mai laifin da ya yawaita a 'yan shekarun nan, wato famfon mai na lantarki. Famfon asali na waɗannan motoci, wanda injin ke motsawa da kansa, matsinsa kaɗan ne, wajen 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi na psi. Wannan ɗan matsin shi fulota ke iya rinjaya. Idan famfon asali ya mutu aka rasa irinsa, sai a je kasuwar kayan gyara a ɗauko na lantarki a ɗaura. In aka yi rashin sa'a na motar injekta ne, to yana turo psi 40 ko fiye, ninki goma ke nan. Babu fulotar da za ta tare wannan, ko yau aka ciro ta daga kwali. Ko ƙananan famfunan lantarki da aka yi don kafireto, wasunsu na kai psi 6 ko 7, kuma wannan ya isa ya buɗe allurar kafireton Weber, wanda masu Land Rover da yawa ke sakawa a madadin Zenith, domin shi bai son abin da ya wuce psi 3 da ɗan kai. Maganin shi ne a saka geji a auna, sannan a samo famfon da ya dace ko a saka na'urar rage matsi kafin kafireto. Duk motar da ta fara obafulo bayan an canza mata famfo, daga nan za a fara.

Mai Land Rover ya ƙara da wannan. Zenith 36IV yana da wani hali nasa: fuskokin ƙarfensa kan lanƙwashe saboda zafi da yawan ɗaure sukurori da ƙarfi, sannan akwai wani zoben roba a cikinsa da ke hana mai zarcewa maƙogwaro. In zoben ya bushe, ko murfin ya daina zama daram, mai zai riƙa zuba ko da allura da fulota sabbi ne. Ana shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi a goga fuskar a hankali har ta daidaita, a saka sabon zobe da sabon gaskit.

Nau'i na biyu ya fi rikita mutane, domin motar lafiya take tashi da safe, lafiya take tafiya. Sai an yi doguwar tafiya, an tsaya salla ko cin abinci na minti 15 zuwa 20, a dawo ta ƙi tashi. In aka bar ta ta huce sosai kuma ta tashi kamar ba ita ba. Zafi ne. Fetur haɗin sinadarai ne da yawa, kuma masu sauƙin cikinsu suna fara tafasa tun daga digiri 30 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas iskar gari kanta tana haura 40, balle ƙarƙashin bonet. A injin 2F da na Land Rover duka, manifol, wato bututun ƙarfe da ke jikin injin, na shigar iska da na fitar hayaƙi a gefe ɗaya suke, kafireto yana zaune a kansu kamar tukunya a kan murhu. Muddin mota na tafiya, fanka na kaɗawa, sabon mai mai sanyi na shigowa. Da an kashe, zafin manifol ya hau, man cikin kwano ya tafasa ya yi kumfa ya malala cikin injin. Man da ya maƙale a bututu tsakanin famfo da allura shi ma ya kumbura ya tura allurar.

A nan wanke kafireto ba ya maganin komai. A duba ko farantin da ke raba kafireto da manifol yana nan, wani kauri mai hana zafi wucewa, domin sau da yawa an taɓa kwance shi an yar an saka gaskit siriri a wurinsa. A duba ko bututun mai ya kwanta a jikin manifol. Motar da aka ƙera da bututun mayar da rarar mai tanki, a tabbatar ba a toshe shi da ƙusa ba, kamar yadda ake yawan yi. Sannan a buɗe murfin tanki da rana tsaka a saurara. In ya yi tsaki mai ƙarfi, hanyar numfashin tankin ta toshe, tururin ciki na tura mai gaba ko da mota a kashe take. Zanzaro ma kan gina ɗakinsa a bakin irin wannan bututun.

Nau'i na uku shi ne na motar daji ta gaskiya. A kwalta ba ta da matsala, sai an tunkari hawa mai tsauri, ko gangaren kwari, ko ta karkata gefe a bakin rafi, sai ta fara tari ta mutu a inda ba a son ta mutu. Ruwa a kwano ba ya bin karkatar kwanon. Mota ta ɗaga hanci, man ya taru a gefe ɗaya, ya kai bakin bututun da a da yake ƙasa da shi, ko ya fantsama ta ramin numfashin kwanon ya faɗa maƙogwaro. A hanya mai gargada kuma fulota na tsalle, kowane tsalle allura na buɗewa. Shi ya sa allurar motocin daji da yawa ke da ɗan sifirin a cikinta don ya shanye girgizar, kuma in aka musanya ta da marar sifirin za a gani a hanyar ƙauye. Masu hawan duwatsu a Amurka har kafireto na musamman ake ƙera musu saboda wannan, irin Truck Avenger na kamfanin Holley. Kafireton Aisan na asali yana da juriyar karkata sosai, kuma wannan na cikin dalilan da nake jin takaici idan na ga an cire shi an jefar an ɗaura sabon kwaikwayo mai ƙyalli don ya fi araha. Wanda aikinsa kullum a hawa da gangara ne zai iya sa a sauke tsayin man zuwa ƙasan awon da aka yarda da shi, a kuma rage matsin famfo kaɗan, amma kada a wuce awon.

Masu hawa Mambila su san wani abu kuma. A tsayin kusan mita 1,600 iska ta fi ta ƙasa rashin kauri da kimanin kashi 15 cikin 100. Motar da aka daidaita a Jalingo za ta riƙa cin mai fiye da kima a Gembu, fulogi ya yi baƙi. Wannan ba ambaliya ba ce, amma yana rage wa injin haƙuri, ɗan ƙarin mai kaɗan sai ya kashe shi.

Na sanyin safiya ba ya buƙatar dogon bayani. Ko cok, wato marfin da ke rage iska don a tayar da injin da sanyi, ya maƙale a rufe, ko direba ne ke taka totur yana saki sau biyar sau shida kafin ya yi kik. Kowace takawa akwai ɗan famfo a cikin kafireto da ke feso mai kai tsaye. Sau ɗaya ko biyu ya wadatar.

In abin ya same ka a daji, ga yadda ake fita. A mayar da cok ciki, a taka totur har ƙasa a hankali sau ɗaya, a riƙe shi a nan kada a saki, a yi kik na daƙiƙa 10, a huta rabin minti don batir da sitata, a sake. Ƙofar iska a buɗe take gaba ɗaya, iskar za ta share man. In ta ƙi, a ciro fulogai a goge su a shanya, a cire wayar wuta daga koyil, a juya injin ba fulogi don ya fitar da abin da ya tara. In datti ne ya tokare allura, a ɗan ƙwanƙwasa murfin kwanon da ƙotar sukudireba. Ko a matse tiyon mai da filaya a bar injin ya cinye na cikin kwano har ya kusa mutuwa, sannan a saki: allurar ta buɗe sosai, man da zai shigo da ƙarfi yakan wanke dattin. Wannan zai kai ka gari, amma tankin da ya aiko da ƙwaya ɗaya yana da sauran dubu, sai an sauke shi an wanke, an sauya tiyo da mataci.

Duk wannan aikin ana yin sa ne a kan ɗanyen fetur da ke kusa da manifol mai zafi. A jira ya huce, a goge abin da ya zuba, kada kowa ya matso da taba. A ajiye tukunyar kashe gobara a mota, in babu a tanadi yashi. Ruwa yaɗa wutar fetur yake yi.

Bayan an gama gyara kuma akwai sauran aiki ɗaya da ake yawan tsallakewa. Man da ya yi ta zuba cikin silinda bai ɓace ba. Ya wanke baƙin man da ke jikin bango, ya bi ta gefen ringi ya gangara ƙasa ya gauraya da man injin. A zaro sandar awon baƙin mai a shinshina, a murza tsakanin yatsu. In yana warin fetur, ko ya tsinke, ko ya haura alamar cika alhali ba a ƙara ba, a juye shi a ranar tare da filtarsa, domin tsinkakken mai ba ya kare metal, wato ƙarafan da sandar injin ke juyawa a kansu, kuma kuɗin galan biyu na baƙin mai ba ya kama ƙafar kuɗin sauke injin. In an juye, kafireto ya daina zuba, amma bayan mako guda warin ya dawo, a koma kan famfon asali: fatar da ke cikinsa in ta yage, kai tsaye take zuba fetur cikin baƙin mai ba tare da ya bi ta kafireto ba.